Teburin Ya Tuna Komai, Ban da Abin da Malama Ta Rubuta

A wata na uku na SIWES ɗina na tafka wata ɓarna da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan ƙaramin kamfanin da aka tura ni shi ke kula wa wata makarantar kuɗi da shafinta na sakamakon jarrabawa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba balle na makarantar, don laifin nawa ne ni kaɗai. Oga ya ce teburin da malamai ke zuba maki a ciki ya tsufa, in ɗan gyara shi ya yi fasali. Ni kuwa a lokacin ji nake babu ya ni, na gama ND I, na iya jQuery. Na ɗauko DataTables na ɗora wa teburin. Nan take ya samu akwatin bincike, ya rabu shafi-shafi, kana danna kan layi ya jera maka sunaye daga A zuwa Z. Ina cikin karanta bayanan manhajar sai na ci karo da wani saiti wai shi stateSave. Na kunna shi, na sabunta shafin, tebur ya dawo daidai yadda na bar shi. Washegari da bakina na gaya wa malaman makarantar cewa yanzu ko an ɗauke wuta teburin yana tunawa.

Malamar lissafi ce ta fara gwada shi da babban aji, don sauran malamai sun riga sun zuba nasu kafin gyarana. Dattijuwa ce, sa'ar mahaifiyata, da yatsu biyu take buga kibod, ta duba takarda ta dubi allo. Yara 58, kowane yaro maki uku: CA ta farko, CA ta biyu da jarrabawa. Lambobi 174 ke nan. Teburin yana nuna yara 25 a kowane shafi. Ta gama shafi na ɗaya, ta gama na biyu, tana cikin na uku Nepa ta yi halinta. Babbar kwamfuta ce ta ofis, ba laftof ba, kuma babu UPS. Aka tada janareta, ta sake shiga. Me za ta gani? Tebur na nan a shafi na uku, sunaye a jere yadda ta jera su, komai daram. Ta ce alhamdulillahi, ashe yaron nan ya iya aiki. Ta lura 'yan layukan da ta fara a shafi na ukun sun goge, ta ɗauka su kaɗai suka tafi. Ta sake zuba su, ta ƙarasa yara takwas ɗin da ke shafin, ta danna maɓallin aikawa. Shafin ya nuna mata rubutu kore shar: an adana. Ta tattara takardunta ta tafi gida.

Bayan kwana biyu aka fara buga katin sakamako, sai ga yara 50 babu makin lissafi. Shugaban makarantar ya yi mata faɗa a gaban ƙananan malamai, har da cewa in ba ta iya kwamfuta ba ta faɗa a nemo wanda ya iya. Ina tsaye a wurin, don an kira mu mu duba. Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Ɗana, ni fa na zuba. Da idona na ga ya ce an adana." Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, bari in duba." Na san ba ƙarya take yi ba. Amma a lokacin ni kaina ban san me ya faru ba.

Abin da ya sa na tono wannan labari yanzu, lokacin furojet ne ya zo. Leƙa laftof ɗin 'yan ajinmu ka gani: tsarin sakamakon ɗalibai, tsarin lissafin kayan kanti, rajistar marasa lafiya, tsarin biyan kuɗin makaranta. Sunaye ne kawai suka bambanta, amma kusan kowannenmu tebur yake ginawa wanda wani bawan Allah zai zauna ya cika da hannunsa. Ni a ganina, duk manhajar da za ta zubar da abin da mutum ya rubuta don kawai an ɗauke wuta ko sabis ya yanke, ba a gama ta ba, komai kyan launinta, kuma bai kamata ta tsallake ranar difens ba. A ƙasar da ɗauke wuta yake abin kullum, wanda ya gina manhaja bai yi tanadinsa ba bai san wa yake gina wa ba.

Bari in fara da inda na faɗi, don na tabbata akwai masu shirin faɗawa ramin. DataTables wani ƙari ne da ake ɗora wa jQuery, wani mai suna Allan Jardine ya rubuta shi, kuma kayan aiki ne mai kyau, ba ni da ƙorafi a kansa. Saitin stateSave yana yin abin da aka gina shi ya yi. Yana tuna shafin da kake, da adadin layukan da ka zaɓa a nuna maka, da yadda ka jera su, da kalmar da ka sa a akwatin bincike, da layukan tsaye da ka ɓoye. Yana rubuta waɗannan a wata 'yar ma'ajiya da ke cikin burauza mai suna localStorage, kuma in ba ka taɓa saitin stateDuration ba, bayan daƙiƙa 7200, wato awa biyu, zai daina amfani da su. Iyakarsa ke nan. Abin da ka buga a cikin gurabun teburin ba ya cikin lissafinsa ko kaɗan. Kamar yaron shago ne da ya tuna maka kujerar da ka zauna da inda ka jingine kekenka, amma kuɗin da ka ba shi ajiya bai san zancensu ba.

Kuma a nan sharrin yake. Da a ce ban kunna saitin ba, Malama za ta dawo ta tarar da tebur a shafi na ɗaya, fayau, babu ko lamba guda. Za ta yi salati, ta yi tsaki, ta sake zubawa, magana ta ƙare a ɓacin ran awa ɗaya. Amma da teburin ya dawo mata a shafi na uku cikin shigarsa ta ɗazu, sai ya ba ta tabbacin da babu shi. Rabin tunawa ya fi rashin tunawa cutarwa, saboda mai amfani ba ya rarrabe tsakanin kamannin tebur da abin da ke cikinsa, kuma ba aikinsa ba ne ya rarrabe.

Da na zauna na bi diddigi a daren ranar, sai na gano abin da ya fi wannan ɗaga mini hankali. Ko da Nepa ba ta ɗauke wuta ba, makin yara 50 ɗin nan ba za su isa ba. Idan DataTables ya raba tebur shafi-shafi, layukan da ba a gani cire su yake yi daga jikin shafin ya riƙe su a gefe. In ka koma baya za ka ga abin da ka rubuta yana nan, amma in ka danna maɓallin aikawa, fom ɗin zai tura abin da ke kan allo ne kawai a wannan lokacin. Akwai hanyar da manhajar ta tanada ta tattaro gurabun duka shafukan kafin a aika, tana nan a rubuce cikin misalansu, ni ne ban karanta ba. Na gwada teburina da yara biyar na ƙarya, su Test One da Test Two, duk a shafi ɗaya. Ta yaya zan gani? In kuma ka kunna saitin serverSide, wanda ke sa a riƙa ɗauko kowane shafi daga uwar garke, wato saba, to da ka matsa shafi na gaba abin da ka buga a na baya ya tafi ke nan, ko komawa ka yi ba za ka same shi ba.

Ramukan ba su ƙare a nan ba, kuma biyun da suka rage na PHP ne, yaren da yawancinmu muke furojet da shi. Na farko, zaman mai amfani. Yadda PHP yake zuwa, in aka yi daƙiƙa 1440 saba ba ta ji motsinka ba, minti 24 ke nan, tana iya share zamanka. Buga lambobi a cikin fom kuwa ba motsi ba ne a wurin saba, ba ta ma san kana yi ba. Don haka mai bugawa a hankali, wanda ya share minti 40 yana cika tebur tsakaninsa da Allah, shi ne zai danna aikawa a watso shi shafin shiga. Mai gaggawa ya tsira, mai natsuwa ya sha. Na biyu, saitin max_input_vars, wanda yake zuwa a kan 1000. Fom ɗin da ya wuce gurabu dubu, PHP zai karɓi dubun farko ya watsar da sauran, gargaɗin kuma galibi a fayil ɗin rahoto yake tsayawa inda babu mai dubawa. Yi lissafi da ajin ɗalibai 250, kowanne da gurabu biyar: 1250. Ɗalibai 50 na ƙarshen jerin sun bi iska, shafin kuma zai ce an adana. Duk mai suna da harafin U ko Y ko Z ya san a ina yake zama a jerin sunaye.

To mene ne mafita? Ni dai abin da na koma yi, kuma shi nake kira a yi, shi ne a daina jiran babban maɓalli guda a ƙarshen aiki. Da mutum ya buga lamba ya bar gurbin, a tura ta saba nan take, ita kaɗai, da ɗan ƙaramin saƙo. Gurbin ya zama ruwan ɗorawa yayin da take hanya, ya koma kore in saba ta amsa cewa ta karɓa, ya yi ja in ta ƙi zuwa. Kalmar "an adana" kada ta fito sai saba ta tabbatar, kuma ta faɗi adadi: an adana 8 cikin 58. Wannan 'yar jimla kaɗai da ta ceci Malama. In sabis ya yanke, a jera lambobin a localStorage su jira, da ya dawo a tura su ɗaya bayan ɗaya. Wuri ba matsala ba ne, burauza na ba kowane shafi kimanin megabait 5, lambobi 174 kuwa ko kusa ba su kai cikin cokali ba. Ka lura wannan tsari ya kashe sauran matsalolin da kansa: kowane saƙo yana sabunta zaman mai amfani, babu fom mai gurabu dubu, babu ruwanka da wane shafi ke kan allo. Ni mako guda ya ɗauke ni, kuma rabin makon a kan kurakuraina ya tafi.

Wani zai ce ai akwai beforeunload, ɗan akwatin nan da ke tambayarka ko ka tabbata za ka bar shafin. A sa shi, ba laifi. Amma Nepa ba ta tambayar kowa ko ya tabbata. A waya ma ba abin dogaro ba ne: ka fita daga Chrome ka leƙa WhatsApp don kwafo lambar rajistarka, ka dawo ka tarar shafin ya sake lodi daga farko saboda wayar ta ƙwace masa wuri a ƙwaƙwalwarta. Duk wanda ya taɓa cika fom da ƙaramar waya ya san wannan baƙin cikin.

Yanzu ga inda maganar ta fi wuya, kuma ba zan ɓoye ba, nan ne masu sukar ra'ayina suka fi ƙarfi. Ajiya a cikin burauza tana zama ne a kan kwamfutar da aka yi aikin, ba ta bin mai ita. Mu kuwa rabin rayuwarmu a kwamfutar aro take: kafe, ɗakin kwamfuta na sashe, laftof ɗin abokin ɗaki. Sunan da DataTables ke ba ajiyarsa daga sunan teburin da adireshin shafin yake haɗa shi, babu ruwansa da wane ne ya shiga. Ka bincika lambar rajistarka a kafe, ka fita, na bayanka ya shiga da nasa asusun, zai iya tarar da lambarka zaune a akwatin bincike. Wannan ƙarami ne. Amma ka ɗauka mai furojet ɗin asibiti ya ji shawarata rabi, ya tura duk abin da aka buga cikin localStorage ya bar shi a can: sunan mara lafiya, cutarsa, maganinsa. Danna maɓallin fita ba ya share wannan ma'ajiya sai in mai manhajar ya rubuta a share. Duk wanda ya zauna bayanka ya danna F12 zai karanta komai ɓaro-ɓaro, babu kalmar sirri babu komai. Kuma tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Ranar da ka fara yi wa asibitin gaske aiki, wannan ya wuce zancen maki.

Akwai mai cewa to a mayar da stateDuration zuwa -1, sai ajiyar ta koma sessionStorage, wadda ke gogewa da an rufe shafin. A kafe wannan ya yi daidai. Sai dai abin da ke gogewa in an rufe shafi ba shi za ka jingina da shi ba ranar da kwamfuta ta mutu gaba ɗaya. Abin da ya kare ka daga na bayanka a kafe shi ne zai bashe ka a hannun Nepa. Na daɗe ina juya wannan, kuma inda na tsaya shi ne: gidan bayanai saba ce, burauza zaure ce kawai da baƙo ke jira kafin a yi masa iso. Da saba ta ce ta karɓa, a goge na burauza. A haɗa sunan ajiyar da lambar mai amfani don kada na wani ya fito wa wani. In ya danna fita alhali akwai abin da bai tafi ba, a gaya masa ƙarara kafin a share. Duk da haka akwai ɗan tsakanin da bayanai za su kwana a kwamfutar aro, in wuta ta ɗauke sabis kuma babu. Ban san yadda za a toshe wannan gaba ɗaya ba tare da an koma zubar da aikin mutane ba, kuma in aka ce in zaɓa a teburin makin lissafi, na zaɓi a ajiye. A teburin asibiti zan fi taka-tsantsan da abin da zan bari ya sauka a zauren tun farko.

Wani malaminmu da na yi wa wannan bayani ya kawo nasa uzurin, kuma mai ma'ana ne. Ya ce shi ba ya son manhajar da ke adanawa da kanta, don yana iya buga 7 yana nufin 75, a kira shi a waya, ɗalibi ya buɗe fotal ya ga 7 ya tada hankalin gidansu. Gaskiyarsa. Amma maganin wannan shi ne a raba daftari da abin da aka miƙa. Abin da ake turawa gurbi-gurbi daftari ne, mai shi kaɗai ke ganinsa. Sai ya duba ya gamsu ya danna miƙawa sannan ya zama sakamako. Babban maɓallin yana nan, aikinsa ne ya sauya daga ɗaukar kaya zuwa sa hannu. Har ma da riba a ciki: tunda kowane canji shi kaɗai yake zuwa, sai a rubuta wa ya yi shi, da ƙarfe nawa, daga nawa zuwa nawa. Duk wanda ya taɓa bin sawun makin da ya ɓace daga ofis zuwa ofis, kowa na cewa ba a wurinsa ba ne, ya san darajar irin wannan rajista. Haka in mutum biyu suka buɗe layi ɗaya a lokaci guda, sai a gane, maimakon na ƙarshe ya taka na farko shiru.

Abokin ɗakina kuma cewa ya yi duk wannan wahalar banza ce, a bar mutane su cika a Excel su loda fayil. Na yarda da shi rabi. Excel na ajiye kwafin ceto duk minti 10 in ba a sauya saitin ba, ba ya buƙatar sabis, kuma malamai sun saba da shi. In yau aka ba ni fotal ɗin da ban yarda da shi ba, ni ma a Excel zan fara rubutawa. Amma ka ga abin da muka yi ke nan: mun gina manhaja, sannan mun ce wa mai amfani ya nemi wata manhajar ta kare shi daga tamu. Ga shi lodin fayil na da nasa ciwon kan. Excel na cinye sifirin farko na lambar waya, 080 ta koma 80, wani ya ƙara layi a sama, wani ya sauya sunan kan layi, a zo lodi a yi ta faɗa da fayil. A bar shi a matsayin ƙofa ta biyu. Kada ya zama hujjar barin ta farko a karye.

Me ya sa ba ma yin duk wannan? Ba don ya fi ƙarfinmu ba. Dalilin shi ne babu mai tambaya. Ranar difens kowa zai kunna XAMPP a laftof ɗinsa, saba da burauza duk a cikin na'ura ɗaya, inda sabis ba ya taɓa yankewa, batir cike, bayanai layi biyar. A duba shafin shiga, a yaba launi, a tambaye ka bambancin babi na uku da na huɗu, a ce ka gyara jerin manazarta. Ɗalibi ba wawa ba ne, inda maki yake nan yake zuba ƙarfinsa. Shi ya sa za ka ga furojet mai hotuna masu juyawa a shafin farko, amma ka danna F5 a tsakiyar aiki komai ya watse.

Roƙona ga malaman da ke zama a kwamitin difens ƙarami ne, minti uku zai ci. A sa ɗalibi ya cika layi 30 a teburinsa, yadda dole ya tsallaka shafi na biyu. Kafin ya danna komai, a kashe Apache, ko a buɗe kayan gwaji na Chrome a zaɓi Offline, a bar shi ya ƙara layi biyu. A rufe burauzar gaba ɗaya, a mayar da komai, a sake buɗewa. Sai a ƙirga abin da ya dawo. Daga nan a sa ya fita, wani ya shiga da wani asusun, a danna F12 a ga abin da aka bari a baya. In an sanar tun farkon zango cewa wannan gwaji na da maki, na rantse kafin wata guda kowa a ajinmu zai iya abin da ni sai da na kunyata dattijuwa na koya. Ƙungiyar ɗalibai ma na da abin yi a nan. Duk lokacin da aka zauna da hukuma kan fotal, zancenmu ba ya wuce ya yi nauyi, ba ya buɗewa. A ƙara da wannan tambaya: in ɗalibi na tsakiyar rajistar kwasa-kwasai aka ɗauke wuta, me zai tarar in ya dawo? Kuɗin kafe da na data da ake sake biya daga aljihunmu suke fita.

Ku kuma 'yan uwa na sauran sassa, 'yan Akanta da Injiniya da Kimiyyar Ɗakin Gwaji, da kuka daure kuka karanto har nan duk da F12 da su PHP, ga naku. In shafi ya dawo muku bayan yankewa yana kama da yadda kuka bar shi, kada ku yarda da fuskarsa, ku koma shafi na ɗaya ku duba da ido. In tebur na da zaɓin adadin layuka, ku zaɓi mafi yawa kafin ku fara, komai ya zauna a allo ɗaya. In fom mai tsawo ne, ku aika kaɗan-kaɗan in ana iya yi, kada ku share rabin awa ba ku danna komai ba. Bayan an ce an adana, ku sabunta shafin ku gani ko da gaske ne, sannan ku ɗauki hoto. A kafe ku buɗe tagar sirri ta burauza, don tana share ajiyarta in an rufe, amma ku sani duk abin da ba ku aika ba shi ma zai bi ta. Ba daidai ba ne a ce ku ne za ku riƙa wannan gadin. Har mu gyara dai, ku yi.

Ita kuwa Malama, washegari na je na gaya wa shugaban makarantar cewa kuskuren daga teburina ne, na nuna masa yadda abin ya faru. Ya ce to, Allah ya kyauta. A ofishinsa ya faɗa, mu biyu, faɗan kuma a gaban mutane aka yi shi. Na zauna da ita muka sake zuba makin yara 50 ɗin, ina karanto mata lambobi tana bugawa, don ta ce ba ta yarda in taɓa kibod ɗin ba. Kafin SIWES ɗina ya ƙare na sake gina teburin yadda na bayyana a sama, da ruwan ɗorawa da kore da ja, na kuma bar mata maɓallin "Adana" a ƙasa duk da ba ya ƙara komai.

Ranar da na je yi musu sallama na same ta tana zuba makin gwaji. Duk layin da ta gama sai ta jira ya yi kore, sannan ta gangara ƙasa ta danna "Adana" sau biyu, ta ɗauki biro ta yi alama a takardarta. Na ce, "Mama, ai yanzu ba sai kin danna ba, da kansa yake ajiyewa." Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Haka ka ce wancan karon ma."